A Bar Wa Nick Watson Jikinsa

A watan Nuwamban 2023 ƙungiyar Hawthorn ta birnin Melbourne, mai buga ƙwallon Ostireliya, ta ɗauki zaɓinta mafi tsada a zaɓen sabbin 'yan wasa na shekara, na biyar a faɗin ƙasar, ta ɗora shi a kan wani yaro ɗan shekara 18 mai suna Nick Watson. Tsawonsa santimita 170, nauyinsa kuwa bai cika kilo 70 ba. Jed Walter, wanda aka ɗauka na uku a daren, ya ba shi tazarar sama da santimita 20 a tsaye. Tun kafin yaron ya sa rigar ƙungiyar surutu ya tashi: wasu na cewa Hawthorn ta yi dabara, wasu na cewa ta yi caca da dukiyar da ba a samunta kullum. Ni ina tare da masu cewa ta yi daidai. Abin da ya fi damuna ma ba ɗaukar da aka yi masa ba, abin da za a so a yi da shi nan gaba ne.

Wanda bai saba da ƙwallon Ostireliya ba yana buƙatar ya san irin filin da aka jefa wannan yaro. Wasa ne na mutum goma sha takwas a kowane ɓangare, a fili mai siffar ƙwai wanda tsawonsa kan kai mita 160 ko fiye. Ana buga ƙwallon da ƙafa, ana naushinta da hannu a miƙa wa abokin wasa, ana gudu da ita muddin za a riƙa buga ta da ƙasa a kowace mita 15. Ginshiƙai huɗu ne a kowane ƙarshen fili: in ƙwallo ta bi tsakanin na tsakiya biyu daga bugun ƙafa, maki shida, in ta kauce ta bi ta gefe, maki ɗaya tal. Duk wanda ke riƙe da ƙwallo halal ne a damƙe shi tsakanin kafaɗa da gwiwa a kai shi ƙasa, kuma babu sulke babu garkuwa, daga riga mai yankakken hannu sai gajeren wando. Babu dokar satar gida, saboda haka karo na iya zuwa wa mutum ta gaba, ta baya, ta inda bai zata ba. A irin wannan wasa, wanda ya ce jiki ba kome ba ne ya yi ƙarya.

Shi kuma zaɓen sabbin 'yan wasa, wanda ya kafu a tsarinsa na yanzu a 1986, an tsara shi ne don kada masu kuɗi su kwashe kowa. Ƙungiyar da ta ƙare a ƙasa ita ke fara zaɓa. Ma'ana, kafin ka samu zaɓi na biyar sai ka sha kashi shekara guda cur, magoya bayanka sun haɗiye baƙin ciki mako bayan mako. Shi ya sa al'ada ta zama a kashe irin wannan zaɓi a kan dogon da zai tsaya gaban raga yana cafke ƙwallo a sama shekara goma, ko ƙaƙƙarfan ɗan tsakiya mai faɗin ƙirji. Ƙananan 'yan gaba kuwa, a da, sai can ƙarshen dare ake tsintarsu, lokacin da masu kallon talabijin sun fara hamma.

Kakar farko ta Watson ta ba kowane ɓangare abin kafa hujja. Hawthorn ta sha kashi a wasanninta biyar na farko a 2024. Shi kuma ya ji rauni a idon sawu tun da wuri, ya zauna makonni. Da ya dawo sai matsalar saiti ta bayyana: yana samar wa kansa dama ta inda ba wanda ya hango, amma in ya tsaya bugun da kowa ke jira, sai ƙwallo ta karkace ta ba da maki ɗaya. Masu suka suka samu na faɗa. Sai ƙungiyar ta farfaɗo ta kutsa zagayen ƙarshe, kuma a wasan kifa-ɗaya-ƙwala da Western Bulldogs a MCG, babban filin wasa na Melbourne, gaban mutum sama da dubu casa'in, yaron ya zura huɗu. Yara suka cika filin da dogayen hulunan matsafa masu tsini saboda laƙabin da ake yi masa na mai siddabaru. Mako guda bayan haka Port Adelaide ta fitar da su da maki uku kacal. A 2025 kuma suka kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Geelong ta tare su.

To, daga nan ne shawarwari ke fara kwararowa, kuma kusan duk iri ɗaya ne. A ƙara masa kilo shida ko takwas. A sa shi ɗaga ƙarfe duk hutun bazara. In jikin ya cika, a mayar da shi tsakiya, tunda a can ne manyan 'yan wasa ke zama, a can ake cin kyaututtuka. Wannan tunanin nake ganin kuskure ne, kuma tarihin wasan kansa ya isa shaida.

A duba mutum huɗun farko da suka buga wasa 400 a babbar gasa. Kevin Bartlett na Richmond, wasa 403 da kofi biyar, siriri ne har ya yi ritaya a 1983. Michael Tuck na Hawthorn ɗin nan, wasa 426 da kofi bakwai, wanda duk hotonsa da ka gani kamar iska za ta ɗauke shi. Dustin Fletcher na Essendon ya ci kofi a 1993 yana ɗan makarantar sakandare, dogo ne siriri, bai ajiye takalmi ba sai 2015 yana da shekara 40. Na huɗu shi ne Brent Harvey na North Melbourne, gajere, wanda aka ɗauka a lamba ta 47 a 1995 nauyinsa bai kai kilo 70 ba. A 1996 wasa ɗaya ya buga, ya taɓa ƙwallo sau ɗaya. A 2016 ya wuce Tuck, ya tsaya a wasa 432. Babu ɗaya cikin huɗun da za a nuna a ce ga ƙato. Dalilin ba boyayye ba ne: gwiwa da idon sawu da jijiyar cinya su ke ɗaukar duk kilon da aka ɗora wa mutum, a kowane juyi, a kowace dira daga tsalle, a wasan da ɗan tsakiya ke gudun sama da kilomita 12. Mai sauƙin jiki kuma tun yana yaro ya koyi kauce wa karo, domin bai taɓa samun gatan tunkarar sa da ƙirji ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi. Za a ce ka lissafo waɗanda suka tsira ne, ina ɗaruruwan ƙananan yaran da aka ɗauka, aka murƙushe su a ƙaramar gasa shekara biyu, aka sallame su ba wanda ya tuna sunansu? Haka ne. Amma manyan ma ana sallamarsu, da yawa kuwa. Bambancin shi ne, dogo in ya kasa sai a ce a ba shi lokaci, dogaye ba sa nuna da wuri, a ƙara masa kwantiragi. Gajere in ya kasa a shekarar farko sai a ce dama mun faɗa. Haƙurin da ake yi da ɗaya ba a yi da ɗayan, sannan a dawo a kafa hujja da sakamakon. Gold Coast ta ɗauki Mac Andrew a lamba ta biyar a 2021, yaron da aka haifa a Masar ga iyaye 'yan Sudan ta Kudu, tsawonsa ya kai mita biyu amma jikinsa babu nama. Wasanni kaɗan ya buga a shekarar farko, ba wanda ya ɗaga murya. Zuwa 2024 ya zama ɗaya daga cikin matasan da kowace ƙungiya ke kwaɗayi, har ya ci Essendon da bugun bayan an busa tashi. An yi daidai da aka jira shi. Abin tambaya shi ne me ya sa wannan jiran ya zama gatan dogaye kaɗai.

Jerin waɗanda aka raina saboda jiki kuma suka kunyata masu zaɓe yana da tsawo. Caleb Daniel, santimita 168, ya yi fice a gasar 'yan ƙasa da shekara 18 ta 2014 amma sai da aka kira suna arba'in da biyar kafin nasa. Shekara biyu bayan haka yana cikin tawagar Western Bulldogs da ta ci kofinta na farko tun 1954, a 2020 kuma ya shiga jerin gwanayen ƙasa na shekara. Lachie Neale lamba ta 58 aka ɗauke shi a 2011, ya ci lambar Brownlow ta gwarzon shekara sau biyu, 2020 da 2023. Tony Liberatore, santimita 163, ya ci ta tun 1990. Ƙaramin goro, in ji Bahaushe, ya fi babban dutse. Abin da Hawthorn ta yi a 2023 shi ne ta ƙi jira har wani ya tsinci goron a araha, ta biya kuɗinsa tun farko.

Ba mamaki ita ce ta yi hakan. Kocinta Sam Mitchell ya san ɗacin abin da bakinsa. A zaɓen 2000 babu ƙungiyar da ta kalle shi, an ce gajere ne kuma ba shi da gudu. Sai da ya je Box Hill a ƙaramar gasa ya nuna kansa, Hawthorn ta ɗauke shi a lamba ta 36 a 2001. Ya ci kofi huɗu da ita, ya jagorance ta a matsayin kyaftin a na 2008. Mutumin da aka taɓa auna shi da tef aka ce bai isa ba, da wuya ya auna wani da tef.

Akwai kuma darasin da bai kamata Ostireliya ta manta ba game da inda son cika jiki da gaggawa ke kai ƙungiya. Essendon ta shiga kakar 2012 da niyyar 'yan wasanta su yi ƙarfi su kamo manyan ƙungiyoyi. Aka tsananta ɗaga ƙarfe, aka kawo shirin allurai da ƙarin sinadarai da ba a tsare shi yadda ya kamata ba. Sun fara kakar da cin wasa takwas cikin tara, sai raunukan tsoka suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suka kasa kai wa zagayen ƙarshe. Abin da ya biyo baya ya fi muni: an kore su daga zagayen ƙarshe na 2013, an ci su tarar dala miliyan biyu, a Janairun 2016 kuma kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta duniya ta dakatar da 'yan wasa 34. Kyaftin ɗinsu Jobe Watson (ba dangin Nick ba ne, suna ne ya zo ɗaya) ya rasa lambar Brownlow ta 2012, aka raba ta tsakanin Trent Cotchin da Sam Mitchell ɗin nan. Ba ina cewa duk mai son a ƙara wa yaro kilo yana kan hanyar allura ba. Ina cewa tunanin da ke kallon ɗan wasa kamar ragon layya, a ɗaure shi a turke a yi ta dura masa dusa har Sallah ta zo, ya riga ya nuna ƙarshensa sau ɗaya, kuma yaran ne suka biya.

Sannan wasan kansa ya juya zuwa inda ƙarami ke da amfani fiye da da. An taƙaita yawan canjin 'yan wasa daga 120 a 2014 zuwa 90 a 2016, zuwa 75 a 2021, don haka ƙaton da ke buƙatar hutu kowane minti bakwai ya rasa gatansa. Tun 2019 dole kowace ƙungiya ta tsayar da mutum shida a gaba, shida a tsakiya, shida a baya duk lokacin da za a tayar da ƙwallo daga tsakiya, abin da ya buɗe fili. A 2021 aka ce in ɗan wasa ya cafke ƙwallo a sama ya samu bugun tsaye, abokin hamayyar da ke tsaye gabansa ya tsaya cak, ba motsi, sai wasa ya ƙara sauri. A irin wannan yanayi ƙwallo na yawan faɗuwa ƙasa a gaban raga, kuma wanda ya fi kusa da ƙasa, ya fi saurin juyi, shi ke ɗauka. Richmond ta ci kofin 2017 da dogon ɗan gaba guda ɗaya da tarin ƙanana masu farautar 'yan baya. Bobby Hill na Collingwood ya zura huɗu a wasan ƙarshe na 2023 ya zama gwarzon ranar, kamar yadda Cyril Rioli ya zama wa Hawthorn a 2015. Eddie Betts ya yi ritaya da ƙwallo 640 a wasa 350. Aikin ƙaramin ɗan gaba sana'a ce mai cin gashin kanta, mutum na iya tsufa a cikinta da daraja.

Shi ya sa maganar mayar da Watson tsakiya ba ta burge ni. A can zai riƙa goga kafaɗa da irin su Patrick Cripps da Marcus Bontempelli, mutanen da suka haura santimita 190, sau talatin ko arba'in a wasa guda. A tura shi can na 'yan mintuna ya tayar da ƙura ya dawo, wannan dabara ce. A mayar da shi mazaunin wurin kuwa, an ɗauki abin da ba kowa ke da shi ba an musanya da abin da kowace ƙungiya ke da guda shida. Ƙarfin da yake buƙata na ƙugu ne da ciki da cinya, wanda zai sa in an damƙe shi ya iya tsayawa daƙiƙa ɗaya ya saki ƙwallo, da wanda zai sa in shi ya damƙi ɗan baya kada a kakkaɓe shi. Wannan yana zuwa a hankali, shekara uku ko huɗu, kuma ba lallai sikeli ya nuna shi sosai ba.

Wurin da nake ganin haɗari na gaske ga yaro irinsa shi ne kai. Doka ta ce wanda aka damƙa sama da kafaɗa a ba shi bugun fansa. Gajere kuwa kansa yana daidai inda hannun dogo ke zuwa, don haka yana samun irin wannan bugu da yawa, kuma jarabar ya ɗan rusuna ko ya ɗaga hannu don damƙar ta zame zuwa wuya tana da girma. Abokin wasansa Jack Ginnivan ya yi suna da wannan tun yana Collingwood, har a 2022 hukumar gasar ta fito ta ce wanda ya jawo abin da kansa ba za a ba shi kome ba. An yi wa Watson ma irin wannan zargi. Magoya bayan Hawthorn kan ce alƙalan wasa na zaluntarsa saboda tsawonsa, kuma wani lokacin gaskiyarsu ne. Amma in da ni ne mai horar da shi, wannan ce ɗabi'ar da zan fara yaƙa tun kafin saitin bugu. Maki shida ba su kai a miƙa kai a karɓo su ba. Shane Tuck, ɗan Michael Tuck da na ambata, wanda shi ma tsohon ɗan wasa ne, ya rasu a 2020 yana da shekara 38, binciken ƙwaƙwalwarsa kuma ya nuna mummunar cutar da yawan buguwar kai ke haifarwa. Angus Brayshaw na Melbourne yana sa hular kariya, duk da haka karon da ya yi a zagayen ƙarshe na 2023 ya sa likitoci suka ce ya ajiye wasa a farkon 2024, yana da shekara 28. Hula ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai, tsokar ƙirji ma ba ta hanawa. Dokar hutun aƙalla kwana 12 bayan buguwar kai da aka kafa a 2021 tana aiki ne bayan an riga an bugu. Abin da ke kare ƙaramin ɗan wasa shi ne ido da ƙafa, da kuma alƙalan da ke hukunta mai karon ganganci ba tare da duba girman wanda aka kara wa ba.

Hukumar gasar ta ɗan gane cewa an wuce gona da iri wajen awo. Ta cire gwajin matse fata don auna kitse daga jarrabawar matasa masu neman shiga gasar, daga 2024 kuma ta daina wallafa nauyin 'yan wasa a littafin kaka. Tsofaffin 'yan wasa da dama sun yi ta ba'a, suna cewa an lalata yara da lallaɓa. Ban yarda da su ba, amma ban kuma ɗauka matakin ya warware kome ba. Ɓoye lamba daga idon jama'a abu ne mai sauƙi. Likitocin ƙungiya da masu kula da abinci suna da lambar, kuma dole su kasance da ita. Abin da ke da wuya shi ne mai zaɓen 'yan wasa ya daina tsoro. Domin in ya ɗauki dogo ya kasa, za a ce ƙaddara ce; in ya ɗauki gajere ya kasa, za a ce wauta ce, kuma aikinsa na iya tafiya. Yawancin raina ƙananan yara da ake yi daga nan yake fitowa, daga mutumin da ke kare kujerarsa.

Game da makomar Watson, ba na cikin masu yi masa alƙawarin wasa 400, don gwiwa ɗaya na iya rushe kowane lissafi. Abubuwan da zan sa wa ido ba su da yawa: ko saitinsa a bugun tsaye zai daidaita ya zauna, ko zai riƙa farautar 'yan baya a ranar da ƙwallo ta ƙi zuwa wajensa, da yadda zai yi in ƙungiyoyi suka fara ware masa mutum guda mai bin sa kamar inuwa, wanda shi ne jarrabawar da kowane ƙaramin ɗan gaba ke fuskanta da zarar an san shi. Duk waɗannan ana gyara su ne a filin atisaye da gaban faifan bidiyo.

Kuma sakamakonsa ba nasa kaɗai ba ne. A 2028 ƙungiyar Tasmaniya za ta shigo ta zama ta goma sha tara, za a kuma ba ta kaso mai tsoka na zaɓin farko don ta kafu. Sauran ƙungiyoyi za su koma neman gwanaye a inda suka saba wucewa ba su tsaya ba. A lokacin, duk wani mai zaɓe da ya ga yaro ɗan santimita 170 yana wasa da manya a gasar matasa zai buɗe fayil ɗin Watson kafin ya yanke shawara, ya duba wasa nawa ya buga, ƙwallo nawa ya ci, da kuma ko Hawthorn ta bar shi a gaban raga.